Faifai Huɗu Daga Landan

Maamobi, 9 ga Janairu, 1989

Baban Zelia,

Assalamu alaikum. Ina fatan sanyin Landan bai kayar da kai ba. Inna da Zelia suna gaishe ka.

Kwamfutar da ka aiko bara tana aiki. Liman Iddrisu ya roƙe ni in fitar masa da jadawalin sahur da buɗa-baki na azumin bana. Na rubuta lissafin da yaren Pascal, amma injin ba ya jinsa sai da kompaila, wato firogiram ɗin da ke yi masa tafinta. Na zaga shagunan unguwannin Adabraka da Circle har takalmina ya tsinke, babu mai shi. Kamfanin da ke sayarwa a can kuma ya ce ba ya aikowa Ghana.

Ka saya mini. Faifai huɗu ne, ba sa son zafi ko matsi, gara a riƙo su a hannu. Shekara biyar ke nan rabonka da gida.

Matarka,
Sanatu

Landan, 1 ga Fabrairu

Sanatu,

Wa alaikumus salam. Injiniya ke nan! Na saya, na naɗe su cikin safa da kwali, na sa a gidan waya. Zancen zuwa kuwa, bari aiki ya ɗan lafa. A gaishe da Inna.

Naki,
Jibirilu

Maamobi, 27 ga Fabrairu

Baban Zelia,

Bayan gaisuwa. Faifan sun iso a lanƙwashe, ko ɗaya bai tashi ba. Ai na faɗa maka. Kada ka sake aikowa ta gidan waya.

Jiya Zelia ta nuna hotonka na falo, ta ce wane ne wannan bawan Allah. Inna ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Allah ya tsare,
Sanatu

Landan, 12 ga Afrilu

Sanatu,

Barka da shan ruwa. Na koma kamfanin, na yi ta masifa har suka ba ni sababbi. Washegari abokina Ƙasimu ya sauka daga Nima, unguwar da ke kusa da ku, ya miƙo mini takardar da ake rabawa a masallacin Liman Iddrisu. Jadawali ne na kwana talatin cif, bugun inji, sunanki a ƙasa.

Da wane faifan kika buga shi, Injiniya?

Na yi dariya a cikin jirgin ƙasa har Turawa suka waigo. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Kullum ina buɗa-baki ni kaɗai, ina duba lokacin Maamobi a takardarki. Ina kewarku, wallahi.

Yanzu ga faifai huɗu a hannuna. Yaya zan yi da su?

Mijinki,
Jibirilu

Maamobi, 24 ga Afrilu

Baban Zelia,

Salam. Na farkon lafiyarsu ƙalau. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini.

Na biyun ma ina so. Kada ka sa su a gidan waya. Sallah saura kwana goma sha biyu, na kuma gaya wa Zelia ko wane ne a hoton.

Sai na gan ka,
Sanatu