Funfuna a Buzun Baba

Ikko, Satumba 1954

Yaya Rahmatu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da fukarta? Kogi ya janye daga bayan gida?

Buzun marigayi Baba da kuka ɗauko daga ɗakin Inna ya iso, Allah ya saka da alheri. Da na kwana a kansa, na tashi da tari irin nata. Na duba gashinsa a madubin asibiti mai girmama ƙananan abubuwa: funfuna ce koriya, ba baƙar da ke bangona ba. Ɗakina da ɗan laima, amma kada ki damu.

Ban ce tabbas koriyar ce sanadin fukar Inna ba. Duk da haka ki cire tsumman da kuka toshe tagar Inna saboda sanyin kogi, ki shanya shimfiɗarta. In ta yi faɗa, ki ce umarnin sabon duba-gari ne, wanda ita ta tura karatu.

Ƙanenki,
Abdulwahid