Amanar Kifi Bakwai

Yelwa-Yauri,
Jihar Kebbi.
9 ga Agusta, 1993.

Zuwa ga ɗiyata Halimatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Yaya bautar ƙasa, yaya mutanen Umuwahiya da abincinsu? Innarki tana gaishe ki, ta ce in tambaya ko ana samun gero a can. Kada ki damu da kankarar da ke saman takarda, Sakkwato na fara rubutawa. Shekara biyu ke nan da aka ba mu jiha, hannuna bai ji labari ba.

Na san ba lafiyata kike jira ki ji ba, ta kifinki ce. To, akwatin gilashin nan da makarantar kiwon kifi ta ba ki kyauta ranar da kika zo ta ɗaya, ya zama abin kallon unguwa. Talabijin ɗin Maliki suke ce mishi. Na mayar da shi zaure inda nake ɗinkin taru, ragar kamun kifi, kuma duk wanda ya tsaya sai na faɗa mishi wadda ta ciwo shi, ko bai tambaya ba. Baffanki Tanimu, wanda ya ce karatun kifi ga mace ɓarnar alli ne, ya zo sau uku. Ya ce duk bakwai ɗin ba za su ƙosar da kyanwa ba, amma dai bai tashi ba sai da aka kira la'asar.

Na raɗa musu suna. Mai ƙaton ciki Hajiya, mai jela kamar gyalen amarya Ɗan Gaye, sauran biyar 'yan rakiya. Na ga ɗan garin da kika bar musu a gwangwani ba ya kai musu ko'ina, sai na ƙara musu da dusa da gutsuren tuwo, safe da rana da marece. Ba za a ce baƙo ya rame a gidana ba.

Game da takardar da kika rubuta ta yadda za a kula da su, kada ki sa ta a ranki. Kin san a aji huɗu muka rabu da Turanci ba baram-baram ba, kowa ya kama gabansa. Na ajiye ta kusa da murhu, Innarki kuma ta sama mata aiki. Amma ni da na yi shekara talatin cikin jirgi daga Ngaski zuwa Shanga, na kama giwan ruwa da sai mutum uku suka ɗaga, ni za a koya wa kifi? Bakwai kika bari, bakwai za ki tarar. Na faɗa a tasha ranar da kika tafi, na sake faɗa.

Wani ɗan abu kawai: ruwan ya fara kore, yana ɗan wari. Maƙwabciyarmu Altine ta leƙa ta ce ashe kifin 'yan boko ma cikin ƙazanta yake kwana. Gobe zan gyara musu ɗaki.

Naki mahaifi,
Maliki mai taru.

*

Yelwa-Yauri,
30 ga Agusta, 1993.

Zuwa ga ɗiyata Halimatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata jikinki lafiya, aiki kuma da sauƙi. Mu nan mutanen gida duk lafiya. Mutanen gida na ce.

Wasiƙa uku na yaga kafin wagga. Ki zauna in kina tsaye. Kifi biyar sun riga mu gidan gaskiya.

Ga yadda aka yi. Na kwashe su a ƙwarya, na zubar da tsohon ruwan kaf, na wanke gilashi da sabulu, na dirje tsakuwar da toka har ta yi fari kamar haƙori. Kin san yanzu lokacin farin ruwa ne, tafkin dam ya yi kauri kamar kunu, famfo kuma tun azumi bai yi tari ba. To da wane ruwa zan cika musu? Sai na ɗiba daga randar Innarki ta baƙi, wadda take jefa wa alif, farin dutsen nan mai kwantar da laka. Ruwa garau, kana ganin zanen hannunka a ƙasa. Har na aika aka kira Altine ta zo ta gani.

Kafin azahar duk sun taso sama suna buɗe baki kamar masu roƙon ruwa. Da safe biyu sun juya ciki. Na ce lalle sauran datti ne, sai na sake wankewa, na sake cikawa, na ce Innarki ta ƙara alif. Biyu suka bi. Na ce to yunwa ce, na ƙara dusa. Ɗaya ya bi. Ga shi wuta ta ɗauke kwana huɗu, ɗan injin nan mai hura musu kumfa ya tsaya, mu da muke zaune bakin ruwan da ke haska garuruwan wasu. Saura Hajiya da Ɗan Gaye, shi ma ya naɗe jelarsa kamar laimar da aka gama biki.

Kowa ya zama likita. Altine ta ce baki ne, a rataya laya. Innarki ta ce a yi musu turare. Baffanki ya ja ni gefe ya ce, “Yaya, ka ɗebo 'yan gargaza biyar a bakin tafki ka zuba mana. Nan da wata tara ina za ta tuna fuskarsu?” Ba zan ɓoye miki ba, har na ɗauki ƙwarya. A ƙofa na tsaya. Na ce yarinyar da ta fi maza arba'in sanin kifi, ita zan yi wa wanga wasa? Kuma ko ba ta gane ba, ni na gane.

Wata magana ce Innarki ta faɗa tana tankaɗe, ko kallona ba ta yi ba, ta hana ni sakat. Ta ce, “Malam, shekara talatin ɗin nan da kake ta faɗa, kashe su kake yi. Yaushe ka taɓa raya ɗaya?” Na buɗe baki in ba ta amsa, sai na ga na yi kama da su Hajiya, na rufe.

Ki yi haƙuri, ɗiyata. Na san ba kifi ba ne kawai, shedarki ce da ke iyo kowa yana gani. Ki rubuto abin da ke cikin takardar nan, da Hausa. Sai dai wasiƙa mako uku take yi zuwa, uku dawowa, ban sani ba ko biyun za su jira gidan waya.

Mahaifinki mai kunya,
Maliki.

*

Yelwa-Yauri,
14 ga Oktoba, 1993.

Zuwa ga ɗiyata, Malama Halimatu,

Gaisuwa irin ta mai kuɓuta. Ina fata kina lafiya. Innarki da Baffanki suna gaishe ki, har da Altine. Wasiƙarki ta iso shekaranjiya, na gode da ba ki yi faɗa ba, ko da yake na ga inda alƙalami ya huda takarda. Amma bari in ba ki nawa labarin tukuna, don na riga wasiƙarki.

Washegarin da na aika miki waccan, ina alwala a bayan gida, sai idona ya kai kan fasasshen tulun nan da ruwan sama ke taruwa ciki. Kore shar, amma cike da 'yan ƙwari da talibambam suna ta sha'aninsu. Na je na leƙa randar baƙi, ko ɗan tsutsa babu. Shekara nawa muna da randar nan, ban taɓa ganin mai rai a cikinta ba. Nan na tuna tun muna yara, ba a tsakiyar gulbi muke samun 'ya'yan kifi ba, sai a gefe cikin ciyawa, inda ruwa ya kwana ya tsufa.

Sai na ɗauki ƙwaryar nan, na je na ɗebo 'yan gargazan da ya ce, amma huɗu. Biyu na sa a kwanon ruwan randa, biyu a kwanon ruwan tafki da na bari ya kwanta da kansa. Na zauna a tsakiya kamar alƙali. Kafin la'asar na kwanon randa sun taso suna haki, na kwanon tafki kuwa faɗa ma suke yi. Na mayar da duka huɗun gidansu tafki da ban haƙuri. Ashe ni ne annobar. Karamci na yi musu har ya kusa ƙarar da su.

Daga ranar na sake hali. Ruwan tafki nake ɗebowa, in tace da tsohon rawanina, ya kwana biyu a baho ba alif. Ba na juye musu duka, kwano uku nake ragewa in mayar da uku, ranar Juma'a kawai. Sabulu ya bar zaure. Tuwo da dusa na mayar wa kaji, su kuma ɗan garinki, abin da yatsa biyu suka ɗauka, sau ɗaya. Na tsinko ciyawar ruwa na dasa a tsakuwa. In wuta ta ɗauke, sai in ɗebi ruwansu a sabuwar buta in riƙa tsiyayawa daga sama, don na san kifi yana son inda ruwa ke zuba. Masu wucewa suna cewa Maliki yana yi wa kifi alwala. Su faɗa.

Kwana biyar Ɗan Gaye ya buɗe laimarsa.

To sai ga wasiƙarki: kada a sa sabulu, kada a sa alif, kada a sake ruwa duka, kada a cika abinci. Na karanta wa Baffanki a zaure da ƙarfi, ina karantawa ina nuna mishi baho da buta. Na ce ka gani, abin da ta karanta a littafi da abin da na karanta a tulu, ko wasali bai bambanta ba. Ya ce to wa ya gado wani? Na ce wannan sai a tambayi kifi biyar.

Abu ɗaya ne ba ki rubuto ba, ko kuwa yana cikin takardar da ta hura wuta. Ranar Litinin da hantsi na ga Hajiya ta laɓe cikin ciyawa tana karkarwa. Na ce shi ke nan, ta shida. Ina duƙe ina salati, sai ga wani abu kamar ƙwayar shinkafa mai ido biyu ya fito daga jikinta, ya miƙe, ya yi iyo. Halimatu, haihuwa! Ba ƙwai ba, haihuwa irin ta akuya! Na fasa cikin kifin da ya fi gashin kaina yawa, ban taɓa ganin haka ba. Na ƙwala wa Innarki kira har ta zo da muciya a hannu. Da na ga uwar tana bin ɗaya da baki, na kwashe su da ludayi zuwa wani kwano. Goma sha ɗaya. Altine ta yi guɗa, ta ce ita dama ta san gidan da albarka.

Bakwai na yi alkawari, ban cika ba, biyar ɗin nan suna wuyana kuma ba zan ce ba haka ba. Amma in Allah ya kai mu, goma sha uku za ki tarar, kuma ba gargaza ko ɗaya.

Ga wata takarda nan na haɗa. Dokokin kula da su ne, na rubuta da kaina, guda takwas, kwafinta yana manne a bangon zaure nesa da murhu. Ki duba da jan biro ki ba ni maki. Malaminmu na aji huɗu bai taɓa ba ni fiye da uku bisa goma ba, kuma har yau ina ganin da sauran magana.

Mahaifinki,
Maliki mai taru, ungozoman kifi.