Bangon Tsohon Asibitin Haihuwa

Zuwa ga ɗana Bakwaini,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Na san yanzu Injiniya ake ce maka, an ce har furfura ta fara leƙowa, amma ni da na karɓe ka ɗan wata bakwai kamar ɗan tsako ba zan canza baki ba.

Ba lafiya ce ta sa na ɗauki biro ba. Tsohon asibitin haihuwa, inda na yi aikin ungozoma har gwiwoyina suka ce sun gaji, hukuma ta zo ta shafa masa jan fenti. Wai bangon baya ya jiƙe, zai faɗo wa mutane, gara a rushe a faɗaɗa tashar mota. Tun da aka koma sabon asibiti makullin yake hannuna, ni ke share shi. Ginin nan ya girmi kakarka. Rabin direbobin tashar a cikinsa suka yi kukan farko, amma kowa na yi wa magana sai ya ce Allah ya kyauta, ya wuce.

Ɗakin ƙarshe mai taga ɗaya, nan na ajiye ka. Ba mu da kwalbar jarirai a lokacin. Bangon yamma yakan sha rana ya riƙe ɗumi, sai na matsar da gadonka jikinsa, ni da mahaifiyarka, Allah ya ji ƙanta, muna gadinka bi da bi. Ginin nan ya riƙe ka, yau shi ke neman mai riƙe shi. Ban san ƙofar da ake bugawa ba, kai ka sani.

Ka gaida matarka da yara.
Mamanka, Ungozoma

*

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, tare da fatan gwiwoyin da sauƙi. Saƙonki ya same ni, kuma ya taɓa ni ƙwarai.

Na kai maganar gaban hukumar da ke kula da gine-ginen tarihi. Sun yarda a dakatar da rushewa har kwamitinsu ya zo ya duba bayan damina. Idan suka tarar ginin asali yana nan kuma zai gyaru, za su karɓe shi, babu mai sake taɓa shi. Roƙona ɗaya ne, Mama: a bar komai yadda yake kafin su zo. Ko ƙusa kada a zare.

Ki huta lafiya.
Ɗanki, Bakwaini

*

Ɗana Bakwaini,

Ina gaishe ka, ina sa maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka yadda ka yi mini. Da na karanta takardarka sai da na yi rawa a tsakar gida, gwiwoyin suka rama daga baya.

Ka ce a bar komai yadda yake. Na ji. Amma fisabilillahi, ina ka taɓa ganin baƙo zai zo a bar gida kaca-kaca? Na bi unguwa gida-gida, duk wanda na yanke wa cibiya na tuna masa. Mai kanti ya ba da siminti, birkila ya ce ko sisi ba zai karɓa ba, direbobi suka kwaso yashi. An shafe bangon baya da na yamma sumul, tsagar da ke jikinsu ko alama babu. In ka gani sai ka rantse bana aka gina shi. Kwamitinka su zo, ba za mu ji kunya ba.

Sai na ji daga gare ka.
Mamanka

*

Zuwa ga Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa, kuma ina gode wa duk wanda ya sa hannu. Na san don ƙauna aka yi. Amma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa.

Ginin nan da dutse da farar ƙasa aka yi shi. Irin wannan bango yakan sha ruwa da damina, ya fitar da shi da rani. Siminti ba ya barin laima ta fita, sai ta zauna ciki ta cinye bangon. Ke da kanki kina faɗa wa masu jego kada su naɗe jariri a leda don gudun sanyi. To, Mama, leda muka sa masa. Kuma in kwamiti ya tarar da siminti, zai ce ginin asali ya tafi.

Dole a ɓamɓare shi tun bai gama kamawa ba, da hannu, a hankali. Ina tafe ƙarshen mako da kayan aiki.

Ki yafe mini idan maganar ta yi nauyi.
Ɗanki, Bakwaini

*

Ɗana,

Ya hanya, ya gajiya? Ina fatan kantar hannunka ta warke. Injiniya guda da guduma a bisa tsani, wallahi ban san ina kuka ba sai da birkila ya miƙo mini hankici.

Bayan tafiyarka mutane ba su watse ba, sun ci gaba da ɓamɓare simintin. Mai kanti ya yi ta mita, wai shi ya ba da siminti, shi kuma ke fasawa, ba a taɓa sadaka mai wahala irin wannan ba. Amma shi ne na ƙarshen sauka.

Kwamiti ya zo jiya. Gini tsirara, duwatsu a waje, tsaga a buɗe. Kunya ta hana ni tarbarsu, na shige ɗakinka na zauna. Shugabarsu, wata mata marar yawan magana, ta same ni a can. Ta tambayi wanda ya shafa siminti, na ce ni ce. Ta tambayi wanda ya cire, na ce duk unguwa. Ta daɗe tana shafa bangon, sannan ta ce, “Dutse ana gyara shi, Mama. Mutanen da za su fasa aikin hannunsu don gini ya rayu, su ne ba mu cika samu ba.”

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ko me ya biyo baya, na gode, ɗana. Ka gyara mini kuskure ba tare da ka kunyata ni ba.

Mamanka

*

Bakwaini,

Ina gaisuwa. Yau da safe an zo an kankare jan fentin. 'Yan kwamiti sun karɓi ginin, sun ce makulli ya zauna a hannuna.

Da la'asar na shiga ɗakinka, na ɗora tafin hannuna a bangon yamma. Ya bushe. Da ɗuminsa, ɗana, irin na wancan lokacin.

Allah ya yi maka albarka.
Mamanka