Ku Hwaɗa Mana Ko Lawali Na Jin Mu

Zuwa ga Shugaban jami'ar da ke neman ɗalibai su yi digirin dokta a kan ƙwaƙwalwa da hayyacin mutum,

Ranka ya daɗe, in mutum na kwance, ido buɗe, ba ya magana, ba ya motsi, yana ciki ko ba ya ciki? Ku anka ce kun san wannan.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan iyali lahiya. Sunana Sani, daga Badarawa. Aji huɗu na tsaya, a yi haƙuri da rubutuna. Ban taɓa kwana Kaura Namoda ba sai da yayana Lawali, ɗan kabu-kabu, ya kauce wa shanu ranar kasuwar Shinkafi, kanshi ya bugi dutse. Tun farkon damina muna wani asibiti nan, ana ba shi kunu ta robar hanci. A rediyon mai shayi na ji sanarwarku, har da cewa za ku kai ɗalibai ƙasar waje. Shi ya sa na ba wani ya sa wannan a waya kowa ya gani.

Na farko. Wani ɗalibinku ya zo, mai fara'a, ya ce yana binciken masu dogon suma. Ya sa wa Lawali hula mai wayoyi, ya haɗa da kwamfuta. Bai yi mana ƙarya ba, ya ce ba magani ba ne. Munka yarda.

Na biyu. Ya ce sai uwa ta kira sunanshi da ƙarfi, don muryar uwa ta fi shiga. Ranka ya daɗe, Lawali ɗan fari ne. Innarmu ba ta taɓa hwaɗin sunanshi ba tunda ta haife shi. "Wancan" take cewa, ko "mai babur". Ko gaisuwarshi a kaikaice take amsawa. Na yi wa ɗalibin bayani, ya ce ai minti guda ne. Inna ta ja mayahi ta rufe fuska, gaban nas, gaban baffanninmu, gaban majinyatan ɗakin, ta kira shi. Ta sake kira.

Na ukku. Layukan kwamfuta sunka yi tsalle. Ɗalibin ma ya yi tsalle, ya ce yauwa, ya kira wani a waya yana Turanci yana dariya. Na tambaye shi mi ya gani, ya ce sai an tantance. Ya naɗe hularshi ya tahi. Lambar da ya bari ba ta shiga. Nas ta ce ta ji ya samu gurbin karatu waje. Allah ya sa albarka.

Mu ga inda ya bar mu. Baffa Garba, ƙanin mahaifinmu marigayi, ya ce gangar jiki ce kawai ta rage, a cire roba a kai shi gida ya cika a ɗakinshi, gero kuma na can ba mai noma. Inna ta ce ɗanta ya ji ta, ba mai taɓa robar nan. Yanzu ba sa gaisawa. Ni anka bari a tsakiya, kowa na cewa in hwaɗi abin da na gani a kwamfuta. Ni layuka na gani.

Roƙona kenan. Ku nemo ɗalibin nan, ko wani da ya iya karanta layukan, ya hwaɗa mana da Hausa: yana ji ko ba ya ji? In ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, za mu ɗauka. Kuma sababbin da za ku ɗiba, ku koya musu su dawo da amsa inda sunka ɗauki tambaya.

Allah ya ƙara muku sani, ya tsare 'ya'yanku daga irin wannan kwanciya.

Zan tsaya nan. Motar da Baffa ya ɗauko don a kai Lawali gida ta iso, direba na ta hon, Inna kuma ta zauna a bakin ƙofar ɗakin ta tare hanya. Dole in tahi.

Wassalam,
Sani, ƙanin Lawali