Gadona Ya Koma Cikin Mota

Bukit Jalil, Yuni 2021

Yaya Mero,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya su Hanan? Mu lafiya lau, sai dai abin da ba a rasa ba.

Kin tuna tsohuwar motar kayan da Abban Rayyan ya saya cikin kullen koronan nan, wai zai mai da ita gida mu zaga Malesiya? Yau na dawo cefane na tarar babu gadona. Na kayan ɗakina, Yaya, wanda Baba ya saya min! Ya sa zarto ya raba shi, ya kafa a motar.

Na tsaya baki buɗe, shi kuwa cewa yake, "Walida, taɓa tayoyin nan ki ji, na hawa dutse ne."

Na ce masa, "Dakta, kilomita goma dokar kulle ta yarda mu yi." Motar ma sai an tura take tashi.

Don Allah kada Baba ya ji. Zan ɗauki Rayyan mu koma wajen ƙawata Hureira a hawa na tara na benenmu. Abban Rayyan yana ƙasa yana auna labulen motar. Ina ajiye biro zan ja ƙofa.

Ƙanwarki,
Walida