Layin da Baba Ya Ƙi Zuba wa Taki

Zuwa ga Yaya Lawali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ƙane ga wansa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Na rubuto a nan dandalin sada zumunta inda kowa zai gani, don na gaji da tura saƙon da ake karantawa a yi shiru.

Jiya wani ya turo min hotonka kana jawabi gaban Turawa. A bangon da ke bayanka an haska wata gona, kallo ɗaya na gane ta. Ga gawon nan, ga kuma Baba daga nesa, ya ba da baya, hauya a kafaɗa. Aka fassara min rubutun da ke ƙasa, wai gonar wani manomi ce a arewacin Nijeriya. Wani manomi, Yaya? Uban da ya haife ka?

Ka tuna damanar da ka zo Gangara da ƙarfen nan mai murɗawa, kana haƙo ƙasa kana ɗurawa a leda? Ka ce ƙasarmu ta gaji, za ka kai ta jami'a a auna abin da ta rasa. Ka raba gonar bakin gari da turaku. Layi guda takin dabbobi, layi guda takin zamani cikin murfin kwalba a kowane rami, layi guda gero da wake. Na ƙarshe ka ce kada a sa masa komai, shi ne ma'auni, in aka taɓa shi aikin duka ya lalace. Baba ya gyaɗa kai kamar liman ne ya yi magana.

Ka samu digirinka, ka samu tafiya waje. Ba ka taɓa ce masa an gama ba.

Bayan tafiyarka 'yan bindiga suka rufe mana daji. Gonakinmu na hanyar Burkusuma suka zama wurin da ba a zuwa sai da shahada a baki. Wadda ta rage mana ita ce wannan da ka yayyanka. Kowace damana layin nan na ƙarshe sai ya fid da gero siriri kamar tsintsiya, ciyawar ƙuduji ta shanye shi, alhali takin awakin Inna na jibge bayan gida. Na roƙi Baba, na yi magiya, har na ɗaga masa murya. Amsarsa ba ta taɓa sauyawa ba: "Lawali bai ce a daina ba."

Na kira ka, ka ce kana taro. Na sake kira, ka ce za ka neme ni.

Shekarar da rumbu ya ƙare tun kafin bazara, Baba ya riƙa ture akushi yana cewa ya ƙoshi, don jikoki su samu. Ban ce layi guda ne ya kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma da idona na gan shi yana nome layin nan da ramammen jikinsa. In kaka ta yi ya ɗaure ɗan daminsa daban, ya hana a sussuke, wai ko za ka zo ka auna.

Ka yi ta'aziyya ta waya kana kuka. Na yarda kukan gaskiya ne. Sai dai har yau ba ka tambayi gonar ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, an ce binciken naka ya yi kyau, har manoman wasu ƙasashe ake koya wa. Mu da aka ɗebi ƙasarmu a leda, ba mu san mi ta rasa ba.

To bana na zuba wa layin taki. Na tumɓuke turakunka, Inna ta hura wuta da su ba ta san ko na mene ne ba. In na ɓata maka aiki, haka na yi niyya.

Duk da haka, Yaya, kai ne ka goya ni a keke zuwa garin Isa ranar da kunama ta harbe ni, kana tafe kana ce min in yi ta kuka, ba wanda zai ji. Wannan Yayan nake nema. Ka ɗauki waya ka naɗo muryarka, ka faɗi abin da ka gano da bakinmu na gida, yadda mai hauya zai gane. Ni za ni kai shi kasuwar Sabon Birni in kunna wa mutane. Kuma ka kira Inna. Idonta ya yi rauni, duk babur ɗin da ya tsaya ƙofar gida sai ta ce a duba mata ko kai ne.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa. Allah ya buɗe mana dajinmu. Kai kuma Allah ya sa wa iliminka albarka, ya maido ka gida Inna tana da sauran gani.

Ƙanenka da ke fushi da kai, yake kuma jiranka,
Murtala