Muryar Inna a Waƙar Abdulrauf

Unguwar Takur, Dutse,
Litinin, 14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Yayana Ɗayyabu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Mashkura da yara, Ya kuma tsare ku a zaman Fatakwal. Mu nan Dutse lafiya, sai godiya. Maigidana ya warke daga zazzaɓin da na gaya maka. A ƙauye an yanke gero, wake ne dai tsutsa ta taɓa, akuyar nan ja kuma ta haifi biyu. Za ka yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Dalili shi ne Inna tana gidana yau mako uku, kunnenta kuma ka san shi, maganar kuwa a kanta take.

Na san labarin ƙaninmu Abdulrauf ya iso gare ka, don yanzu ba sai an yi wa kowa bayaninsa ba. Kundin waƙoƙin da ya shekara yana haɗawa a situdiyon nan na bayan layinmu, wanda ya sa wa suna Bayan Rumbu, ya fito bayan Babbar Sallah, kuma ya karɓu fiye da yadda shi kansa ya zata. Gidajen rediyo suna saka shi safe da yamma, masu tura waƙa a waya a kasuwar Jahun sun ce ba abin da ake tambaya kamar shi, an gayyace shi Kano da Kaduna, ya sayi mota. Yaron da Baba ya sha korowa daga gindin tsamiya saboda kiɗan gwangwani, yau shi ake tare wa hanya a ɗauki hoto. Ban yi masa baƙin ciki ba, Allah Ya sani. Abin da ba ka sani ba shi ne inda ya samo waƙar farko, wadda ita ce ta ja sauran.

Ka tuna muryar tsohuwar da ke buɗe waƙar kafin kiɗa ya shigo? Yaya, Inna ce. Ka san shekara arba'in da ɗoriya ta yi da Baba ba ta taɓa kiran sunansa ba, daga "Malam" sai "shi". Kai kanka da kake ɗan fari har yau "wancan na Fatakwal" take ce maka. Ko wani Lado mai sunan Baba aka ambata a gabanta, sai ta kau da kai. To kwana biyu bayan ta fita takaba, da hantsi, kowa ya tafi gona, tana zaune bayan rumbu tana ɓarar gyaɗa, sai ta kama waƙa ƙasa-ƙasa tana kuka. Tana cewa Lado ya tafi ya bar ta da gero cike da rumbu, wa za ta dama wa fura. Sau uku ta kira sunan. Abdulrauf ya zo daga Dutse ba ta sani ba, yana tsaye bayan zana, ya ɗaga waya ya naɗa. Bai gaya mata ba, bai gaya wa kowa ba, ya kai situdiyo aka ɗora mata fiyano da kalangu.

Ba zan wanke kaina ba. Ranar da na fara ji na gane ta tun kalmar farko, na yi kuka, sannan na tura wa ƙawayena ina alfahari. Na ce a raina Inna ba ta riƙe waya, rediyonta kuma labarai kawai take kamawa, ina za ta ji? Wautar da na yi ke nan, ni da nake koyar da 'ya'yan mutane.

A watan jiya na je ɗaukarta zuwa asibitin Jahun saboda hawan jininta. Muka shiga Napep da wasu mata biyu 'yan ƙauyenmu, direba ya ƙure sauti. Ba mu kai kwanar kasuwa ba sai ga muryarta ta cika Napep ɗin tana kiran sunan Baba. Na ga hannunta ya ƙanƙame ƙarfen gabanta. Ɗaya daga cikin matan ta yi dariya ta dafa ta, ta ce ashe ana so haka aka yi ta ɓoye mana. Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta har muka sauka, ma'aikaciyar asibiti kuma da ta auna ta sai da ta sake aunawa, don ba ta yarda da abin da ta gani ba.

Ashe duk ƙauye an sani, ita kaɗai aka bari a duhu. Da aka ga ta ji, sai aka daina ɓoyewa. 'Yan mata suna rerawa a bakin rijiya. A bikin gidan maƙwabcinmu Ɗan'inna an saka waƙar mata suna rawa, har da mai kwaikwayon sheshsheƙarta. Gwaggo Adawiyya 'yar'uwar Baba kuwa, ka san ta da riƙon al'ada da kaifin baki, ta taso takanas daga Taura ta ce wa Inna da tsufanta ta zubar wa ɗan'uwanta mutunci a kabari, ta kai sunansa bakin 'yan rawa. Wai ta ɗauka Inna ce ta je ta rera musu da kanta. Inna ba ta kare kanta ba, ni ce na yi ta bayani har muryata ta dushe. Daga ranar ta daina fita ko tsakar gida, shi ya sa na ɗauko ta nan.

Nan ɗin ma ba sauƙi. Mai shagon cajin waya na jikin katangarmu ya fi kowa son waƙar, na roƙe shi sau biyu, ya rage na kwana ɗaya ya koma. In ta fara, Inna takan shiga ɗaki ta juya fuska bango. Matar da ba ta iya tsince shinkafa ba tare da ɗan ƙunƙunin waƙa ba, yanzu sai ta wuni ba ta yi magana biyar ba. Tuwo loma uku, ta ture. Ta rame, Yaya, zoben hannunta har faɗowa yake. Ina jin tsoro, kuma ina jin haushi, ban ma san wanda na fi jin haushinsa ba tsakanin Abdulrauf da kaina.

Ranar Juma'a ya zo da sabuwar motarsa da atamfofi cike da leda. Na tare shi a zaure na wanke shi tas, ban rage komai ba. Ya ce shi wallahi girmama ta ya yi, ya ce mutane daga ko'ina suna rubuto masa cewa sun tuna iyayensu sun yi kuka, ya ce in ba don shi ba da muryar nan ta bi iska. Na yarda har zuciyarsa haka ya nufa, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Na ce to ya janye waƙar. Ya ce ko ya cire ta daga intanet yau, tana cikin wayoyi da memori da ba wanda ya san iyakarsu, kuma ya sa hannu da masu shirya wasa har ƙarshen shekara, ita ce waƙar da ake jira.

Ya shiga ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, ki yafe mini. So na yi duniya ta ji ki."

Tana kallon tabarma ta ce, "Na yafe maka. Amma da shi nake magana, ba da duniya ba."

Ya fita yana share ido, ya bar atamfofin a ƙofa, suna nan inda ya ajiye su. Washegari ya wuce Kano, yana da wasa.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Jiya bayan la'asar ta kira ni da kanta, karo na farko cikin kwanaki. Ta ce ba za ta koma ƙauye ba, nan ma ba za ta iya ba. Ta ce in rubuta wa wancan na Fatakwal ya zo ya ɗauke ta, ko ɗakin ajiya ne ya ba ta. Inna da ba ta taɓa wuce Kano ba, da ta ce ko gawarta kada a nisanta da kabarin Baba. Ni dai ina roƙonka ka zo da kanka kafin wata ya ƙare, kada ka aiko kowa. Likita ya ce in jinin nan bai sauka ba, ana tsoron shanyewar ɓarin jiki.

Ka gaishe mini da Yaya Mashkura da kyau, da Kamilu da Nuriyya da ƙaramarsu Huseina. Maigidana yana gaishe ka, 'ya'yana Munira da Ruwaida ma sun ce a gaida Baffa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba Inna lafiya, Ya shirya mana Abdulrauf.

Saura abu ɗaya. Da zan tashi ta riƙo gefen zanina ta ce in tambaye ka, can inda kake, ai ba a jin waƙar ko? Na ce mata zan tambaya. Ban iya gaya mata cewa ranar da ka kira ni daga shagonka na ji waƙar tana tashi a bayanka ba. Ka yi tunanin abin da za mu ce mata kafin ka iso, don ni na rasa.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Safiyatu.